Roba Biyu a Bakin Inji

"Sharaɗina ɗaya ne," in ji Mai Sawu, bai ko ɗago kai daga takalmin da yake ɗinkewa ba. "In na ɗauki sawu, inda ya kai ni can zan tsaya. In ƙofar gidanka ya kawo ni, a gaban jama'a zan faɗa."

Gajere bakanike ya gyaɗa kai. Tun da hantsi yake tsugune a ƙofar dattijon, hularsa a hannu.

"Na yarda, Baba. Me zan ba ka?"

"Babur ɗina yana tari. Duk ran da ya kwanta kai za ka tashe shi, har ɗayanmu ya mutu."

Suka tafa.

Ga abin da ya kawo shi. Ranar Alhamis ya yi wa a-kori-kurar Mai Ƙwai juyen baƙin mai, ya sa mata sabuwar filta. Mai Ƙwai mace ce da mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu da gidan kaji da wannan mota, da ita take kai ƙwai shaguna. Ranar Asabar da safe motar ta amayar da manta duka a kan titi, injin ya buga. Da aka kwance filtar sai aka ga jabu ce. Yau Lahadi, ƙarfe biyar na yamma shugabannin gareji za su zauna. In laifin ya hau kan Gajere, za a kore shi daga rumfar da ya yi shekara talatin a ciki, kuma bakaniken da aka kora da sunan jabu ko taya ba mai ƙara ba shi ya kwance.

Mai Sawu kuwa da ƙuruciya sawun shanun sata yake bi. Da shanu suka yi nisa da gari sai ya koma karanta sawun taya. Ya cije zaren, ya sa takalmin, ya ce su je.

Suna shiga gareji ƙarar guduma ta ɗauke. Masu walda suka ɗaga gilashi, masu fenti suka fito da tsumma a hannu. Ba wanda ya amsa gaisuwar Gajere.

Ciyaman ɗin garejin ya fito daga ofis da tumbinsa, yana murmushin da bai kai ciki ba. "Baba Mai Sawu, ai wannan ba saniya ba ce. Ba ta da kofato."

"Tana da baki dai, Ciyaman. Ina filtar?"

Aka ɗauko ta daga durowa. Mai Sawu ya auna ta a tafin hannu, ba nauyi, kamar gwangwanin madara da aka shanye. Bayanta fes, tana ƙyalli. Ya kai ta hanci, ya ji warin fetur. Ya duba bakinta, ga zoben robarta nan zaune a gurbinsa. Ya mayar.

Sannan ya shimfiɗa buhu, ya kwanta, ya ja jiki ƙarƙashin motar. Kowa ya ga filtar, amma ba wanda ya duba inda ta fito. Ya zura yatsa a bakin injin, ya zagaya. Wani abu ya taɓa masa farce. Ya ɓamɓaro shi a hankali, ya dunƙule hannu, ya fito yana nishi yana tsine wa gwiwa.

A bayan wata matacciyar bas ya buɗe wa Gajere hannun. Zoben roba ne, a tsage.

"Filtar da ke durowa da robarta. Wannan kuma a manne da inji na same ta. Fassara mini."

Gajere ya jingina da bas ɗin. "Innalillahi. Roba biyu. Baba, in tsohuwar roba ta maƙale a inji, aka ɗaura sabuwar filta a kanta, ba za su zauna ba. Mai yana yin zafi ɗaya za ta fashe, kafin ka ƙirga ɗari injin ya bushe. Wannan kuskuren wanda ya fara riƙe sifana jiya ne. In Ciyaman ya ga wannan, ko zama ba za a yi ba."

"Kai ka bar ta?"

"Wallahi sai da na goge wurin da tsumma. Na shafa wa sabuwar robar jan giris, kamar yadda nake yi tun ban da gemu. Da hannu na ɗaure ta."

Mai Sawu ya murza robar tsakanin yatsu biyu. Laushi gare ta. Ya dubi babban yatsansa, ya goge a riga, ya jefa robar aljihu.

"Za ka nuna musu?"

"Mun tafa, Gajere."

Mai shagon kayan mota kuwa Akwai ake ce masa, don ko fikafikin jirgin sama ka tambaya zai ce akwai. Yana ganin Mai Sawu ya fara goge kanta mai tsabta.

"Filtar a-kori-kura nake nema."

"Akwai. Wacce iri?"

"Au, iri-iri ce?"

Akwai ya gane ya taka sahun ɓarawo. Ya leƙa waje, ya dawo, ya ajiye kwalaye biyu a kan kanta. Launi ɗaya, lamba ɗaya, ko uwar da ta haife su ba za ta raba su ba.

"Ɗaga ka ji, Baba. Ta kirki tana da nauyi, ƙarfenta ba ya lotsawa a hannu. Leƙa ramukan nan, ka ga robar da ta rufe su ta ciki? Ita ke hana mai gangarewa in mota ta kwana, don kada inji ya tashi a bushe. Taɓa zaren ɗaurinta, sumul. Wannan kuwa girgiza ta ka ji, wani abu na kaɗawa. In ka yanka ta, takardar ciki ba ta kai rabin ta waccan ba, da gam aka liƙa ta. Wata biyu ta narke."

"Kuma kana sayarwa."

"Ni ban taɓa ce wa kowa ta asali ce ba. Nakan ce akwai wannan, akwai wannan. Mutum da aljihunsa."

"Wacce Gajere ya ɗauka ranar Alhamis?"

"Mai nauyin. Shi ai fitinanne ne. Sai ya buɗe kwali, ya gwada lamba da ta tsohuwar, ya haska ciki da tocila, ya ja robar da farce. Mutane na jira a bayansa." Akwai ya sassauta murya. "Amma Baba, ka san duniya. Bakanike na iya sayen ta kirki a gaban ido, ya ɗaura jabu a bayan ido. Ni ban ce ya yi ba."

"Su wa ke sayen mara nauyin?"

"Rabin gari."

Mai Sawu ya fito ba tare da ya ƙaru da komai ba sai ciwon kai. Rana ta take tsaka.

Direban motar Mai Ƙwai, wanda ake wa laƙabi da Ba-Birki, yana zaune a kan tsohuwar taya a bakin tasha. Da ya hango dattijon sai ya miƙe zai sulale.

"Zauna, ɗana. Wanda bai ci komai ba ba ya goge baki."

"Ni ban san komai ba, Baba. Tuƙi kawai nake."

"Jar fitilar mai ta kama?"

"Ba ta kama ba."

"Na je inda motar ta mutu. Daga inda mai ya fara zuba zuwa inda ka tsaya, taku ɗari huɗu na ƙirga. Makaho ne ke tuƙin?"

Ba-Birki ya zauna daɓas. "Ta kama. Na gani. Amma ƙwai kiret tamanin a baya, rana na dukansu, ga inuwa can gaba. Na ce bari in kai inuwar. Don Allah kada ka gaya wa uwar ɗakina."

"Wannan tsakaninka da ita. Kai ka ƙarasa injin, amma a kwance ka same shi. Man da na gani a titi baƙi ne wuluk kamar kwalta. Man kwana biyu haka yake?"

Direban ya buɗe baki. "A'a. Ranar Alhamis a gabana aka zuba shi, kamar zuma."

"Daga gareji ina ka kai ta?"

"Gidan Baffan yara, ƙanen marigayi. Can take kwana tun maigida na da rai, don shi ke da fili da ƙofar ƙarfe. Juma'a ba ma fita, wuni ta yi a can."

"Makulli fa?"

"A kan ƙusa, bayan ƙofa."

Mai Sawu ya biya ta gidan kaji. Ya tarar da Mai Ƙwai tsaye tsakanin kiret-kiret da suka kusa taɓa rufi, tana ware waɗanda suka fara lalacewa.

"Baba, ni ba na son a kori kowa," in ji ta. "Gajere tun zamanin baban yara yake duba motar nan. Amma dubi. Kaji ba su san mota ta mutu ba, kullum sai sun saka."

"Wa ya kai ƙara gareji?"

"Baffansu. Shi ke tsaya mini a komai, Allah ya saka masa. Ya ce in an yi shiru gobe wata za a cuta. Ka san rana ɗaya suka sayi motocinsu shi da yayansa, iri ɗaya. Ya ce ganin ta a mace kamar mutuwar ta dawo sabuwa."

Mai Sawu ya ce Allah ya sauwaƙe, ya fita.

Ƙofar ƙarfen gidan Baffan yara a rufe take. Bai ƙwanƙwasa ba. Ya tsuguna a bakinta, ya daɗe yana kallon ƙasa, har wata mata da ta zo wucewa ta tambaye shi ko allura ya yar. Sawun taya iri biyu ne suka fito daga gidan. Ɗaya ya yi dama, hanyar shaguna, busasshe, na jiya. Ɗayan ya yi hagu, sabo, na yau da safe. A tsakiyar na hagun akwai ɗigo. Ya dangwala, ya ɗaga yatsa a rana. Mai ne garau, ruwan zuma.

Ya bi. Taku goma sha biyu, wani ɗigo. Taku goma sha biyu, wani. Inda motar ta tsaya a mararraba ɗigon ya taru ya kai faɗin tafin hannu. Haka ya yi ta tafiya, kai a sunkuye, masu babur na zaginsa, har ɗigon ya shigar da shi wurin buga bulo. Can ya hango wata a-kori-kura ana loda mata bulo, da wani mutum mai farin gilashi yana ba da umarni. Mai Sawu bai matsa ba. Ya dubi inuwarsa, ya ga huɗu ta gota, ya juya.

A hanya ya roƙi wani mai shago farin kwali.

Ƙarfe biyar gareji ya cika. An jera benci a gaban ofis. Ciyaman da dattawa uku a gaba, Mai Ƙwai a gefe da mayafinta, Ba-Birki a raɓe, Akwai ma an kira shi ya zo yana gumi. Gajere shi kaɗai a tsaye. Baffan yara ne ya zo ƙarshe, ya faka motarsa a bakin ƙofa, ya cire gilashi, ya gaisa da kowa hannu bibbiyu. Kafin ya zauna Mai Sawu ya zagaya kamar mai neman wurin fitsari, ya dawo hannu wayam.

Baffan yara ya fara. "Ciyaman, dukiyar marayu ce. Ba mu zo neman faɗa ba. Amma wanda ya ci amanar maraya, bai kamata ya ƙara kwana a cikinku ba."

Aka yi ta gyaɗa kai.

Ciyaman ya juyo. "Baba, an ce ka yi yawo yau. Ka samo mana saniyar?"

Mai Sawu ya zaro tsagaggen zoben, ya ajiye kusa da filtar. "A bakin injin na samu. Roba biyu aka haɗa."

Wurin ya kaure. "Shi ke nan!" in ji wani mai walda. "Ga jabu ga sakaci!" Gajere ya runtse ido. Mai Ƙwai ta sunkuyar da kai.

"To ai magana ta ƙare," in ji Baffan yara, ya fara miƙewa.

"Zauna, ɗana, ban kai aya ba. Ciyaman, a kawo zarto a yanka filtar nan."

Aka ɗaure ta, aka yanka. Da murfin ya faɗi sai wani baƙin cuɗaɗɗen abu ya zubo, takardar ciki ta zama dagwalo.

"Ku masu sana'a ne, ni ban yi makarantarku ba. Wannan dattin na kwana biyu ne?"

Wani tsohon bakanike ya dangwala ya murza. "Wannan ta fi wata shida tana aiki."

"Amma bayanta na ƙyalli, don an wanke ta da fetur. Yanzu taɓa robar da na kawo."

Tsohon ya ja ta, ya dubi yatsunsa. "Sabuwa ce. Ga jan giris. Wannan hannun Gajere ne, shi kaɗai ke wannan tsirfar a garejin nan."

"To kun gani. Ta jikin injin ce sabuwa, ta jikin filtar ce tsohuwa. Gajere ya ɗaura tasa lafiya. Bayansa wani ya zo ya kwance ta, ya tsiyaye sabon man, ya zuba tsoho, ya ɗaura wannan gawar. Yana sauri, bai lura filtar kirkin ta bar robarta a jikin inji ba. Sai da ya zo ɗaura ta a tasa motar ya ga ba roba. Filta kuwa ba roba, ko wa ya ɗaure ta sai ta yi hawaye."

Ba-Birki ya miƙe. "Wallahi ni ko keke ba ni da shi!"

"Na sani. Akwai, filtar nan kowace mota take shiga?"

"A'a, Baba. Sai irin wannan injin. Lamba ce."

Ba wanda ya juya, amma kowa ya san motar da ke bakin ƙofa. Baffan yara ya yi dariya. "Ikon Allah. Yanzu ni ake nufi? Ni da na kawo ƙara? Dattijo, tsufa ba hauka ba ne."

"Ban ambaci kowa ba. Ciyaman, na manta kwalina a ƙarƙashin waccan motar. A ɗauko mini."

Ciyaman da kansa ya je, ya durƙusa da ƙyar, ya jawo kwalin. Fari ne tas, sai ɗigo uku a tsakiya, ruwan zuma. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Kowace mota tana ɗiga!" Baffan yara ya ɗaga murya. "Ba wanda zai taɓa mini mota!"

Sai a lokacin Mai Ƙwai ta yi magana, a hankali. "Baffansu, bari a duba. In ba komai, ni zan durƙusa in ba ka haƙuri a gaban mutanen nan."

Tsohon bakaniken ya shiga ƙarƙashi. Sai da ya sa ƙarfi, don da sifana aka danne filtar har ta yi tabo. Ya fito da ita, mai nauyi, sabuwa. A bakinta an yanko tsohon tub na taya da almakashi an yi zobe, karkatacce. Ya cire shi. A cikin gurbin ga jan giris kwance. Ya ɗauki tsagaggiyar robar Mai Sawu ya sa, ta zauna daram.

Baffan yara ya dubi ƙofa, masu walda biyu sun riga sun tsaya a wurin.

"Aro na yi," in ji shi. "Tawa tana shan wahala, bulo nake ɗauka. Ita ƙwai kawai take ɗauka, na ce tsohon man zai riƙe ta wata ɗaya in mayar. Ai motar yayana ce. Ban san roba za ta..."

"Ka san Gajere bai yi ba," in ji Mai Ƙwai. "Ka zo ka zauna a ɗakina, ka sha ruwana, ka ce in kore shi."

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Dattawan ba su daɗe ba. Aka ba Baffan yara zaɓi: ko a kira hukuma, ko a sauke injin motarsa a ɗora wa ta marayu, shi ya ɗauki mataccen. Ya zaɓi na biyu. Ciyaman ya dubi Gajere, ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce aikin nasa ne in zai karɓa. Gajere ya je ya ɗauko akwatin sifanunsa. Ya tsuguna ya buɗe shi.

Ga yadda aka tashi. Gajere ya tsira da rumfarsa, har aiki ya fi ƙarfinsa. Ba-Birki ya je da ƙafarsa ya faɗi maganar jar fitila, aka yi masa faɗa aka bar shi da tuƙinsa. Akwai ya yi asara, don yanzu duk wanda ya shigo shagonsa sai ya auna filta a hannu ya girgiza ta a kunne, kwalayen jabun suna nan ƙura na cinsu. Baffan yara ya ba da inji sukutum a kan filta ɗaya da galan na mai, motarsa na kan duwatsu, kaji na kwana a ciki. Mai Ƙwai ta samu mota ranar Laraba. Amma surukarta ta aiko cewa ta tona wa ɗanta asiri a gaban maƙera, kuma tun daga ranar ba wanda ya ƙara taka gidan kajin daga dangin mijinta. Motar yanzu a titi take kwana, ƙofar ɗakinta, da sarƙa a sitiyari.